Larabar Mai Albasa

Kai da kake cewa kulle rashin yarda ne, zauna ka ji wannan.

An yi wani sakataren ƙungiyar manoman rani, mutum mai kunya har ta yi masa yawa. Magudanar ruwa ɗaya ce ke shayar da gonaki arba'in, don haka ya tsara jadawali a kwamfuta, kowane manomi da gurbin da aka rubuta ranar ruwansa, ya tura wa kowa a waya. Mai buɗe ƙofar ruwa kuwa, abin da ya gani a jadawalin shi yake bi. Malamar da ta koya wa sakataren aikin ta nuna masa yadda zai kulle guraben, kowa ya iya gani, amma shi da shugaba kaɗai ke iya taɓawa. Ya ce, "Haba Malama, mutanen da muke sahu ɗaya a masallaci zan sa wa kwaɗo?" Ya bar abin a buɗe, yana ganin ya yi dattako.

To, ba wanda ya yi sata, kowa gyara ya ce ya yi. Wani manomi bikin suna ya kama shi ranar Talata, ranar ruwansa, sai ya matsa zuwa Laraba. Mai tumatir ya ga ganye ya yi laushi, ya ɗan jawo ranarsa kusa. Duk wanda ya matsa sai ya ture wani, wanda aka ture ya ture na gaba, har turin ya kai ƙarshen magudana, kan wani tsoho mai albasa wanda wayarsa ta kira ce kawai. Shi dai Larabarsa ya sani. Laraba biyu yana zaune a bakin gona da fartanya, ruwa bai zo ba, bai kuma kai ƙara ba, don a zatonsa ruwan dam ne ya ja baya. Ranar da sakataren ya biyo ta wajen, ya tarar ƙasa ta dare, albasa ta kwanta ta yi fari. Ya buɗe jadawali yana neman sunan tsohon, sai can cikin wata mai zuwa ya same shi. Tsohon ya ce, "Ɗana, ai na san kai ke riƙe da rubutun, shi ya sa ban damu ba." Maganar nan ta fi masa mari zafi. Nan a tsaye ya kulle guraben, aikin da bai ci minti biyu ba, amma albasar bana ta riga ta tafi.

Bai ga laifin kowa ba sai nasa, don ya san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.