Abin da Ya Kashe Akuyar Ramatou

Ramatou mutuniyar unguwar Dagmanet ce a Agadez, tana da 'ya'ya huɗu da ƙanwa ɗaya tak mai suna Hafiza. Tun rasuwar uwarsu, Juma'a ba ta wucewa sai Hafiza ta dama fura da cuku da dabino ta kawo wa yayarta da hannunta. Shekara tara ana haka lafiya lau, sai aka fara nuna wani fim na gidan sarauta a tele.

Labarin 'ya'yan wani sarki ne da suke cin dunduniyar juna a kan gadon mulki. Da an yi la'asar sai mata su cika tsakar gidan Ramatou, tukwane kuwa su ji da kansu. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ana tsakiyar kallo, sai ka rantse mutuwa aka yi a gidan. Wadda ta fi tsaya wa Ramatou a rai ita ce ƙaramar gimbiya, mai fara'a da ladabi, wadda take kai wa yayarta abinci da guba a ciki.

Wata rana bayan an gama, maƙwabciyarta Salamatou, wadda bakinta ba ya hutawa, ta ce, "Ni fa masu yawan fara'ar nan tsoronsu nake ji. Kowane gida da tasa gimbiyar."

Maganar ta sami wurin zama. A watan nan Ramatou tana fama da ciwon kai, babban ɗanta kuma ya faɗi jarrabawa. Maimakon ta je likita ta kuma ja kunnen ɗan, sai ta shiga auna dariyar ƙanwarta da ta gimbiyar tele.

Ran Juma'a Hafiza ta zo da cikinta na wata bakwai, tana haki. "Yaya, yau na ƙara cuku, na san kina so."

Ramatou ta karɓa ta yi godiya. Hafiza tana fita, Ramatou ta juye wa akuyarta furar duka. Kwana biyu sai ga akuya kwance, ciki ya kumbura, tana numfashi da ƙyar. Nomau, mijin Ramatou, ya kira mahauci a yanka ta kafin ta zama mushe.

Ramatou ba ta jira a feɗe ba. Ta ɗauki ƙwaryar furar ta nufi gidan Hafiza a tsohon gari, ta tarar da ita cikin maƙwabta suna hira. Ta jefa ƙwaryar a gabanta.

"Ga kayanki. Allah ya tsare ni, akuya ce ta sha abin da kika zuba."

Hafiza ta daɗe ba ta gane ba. Da ta gane, sai hawaye. "Yaya, ni? Nono ɗaya fa muka sha."

"Haka ita ma gimbiyar ta ce," in ji Ramatou, ta juya ta bar ta a tsakiyar mata.

Ta dawo gida ta tarar mahauci ya buɗe tumbi yana zaro baƙar leda, dunƙule bayan dunƙule, har ta cika bokiti. Ya ce, "Wannan ai ta fi wata shida tana cin leda a bola. Ban san ma yadda ta kai yau ba."

Nomau ya dubi matarsa. Ramatou ta san ta tafka abin kunya. Amma yaya babba za ta durƙusa wa ƙanwa a gaban matan da suka ji? Ta ce sai gobe. Gobe ta zo, ta ce bari dai ƙura ta lafa. Har ta yafa mayafi sau biyu, ta kai ƙofa ta dawo.

Magana kuwa ba ta jira ta ba. Kafin mako ya zagayo, mata sun daina karɓar ko ruwa daga hannun Hafiza. Mijinta Bashar, direba ne da yake zaune a Dirkou, ya ji labari ya zo ya kwashe matarsa, duk da nauyin cikinta da nisan hanya. Ba ta yi wa kowa sallama ba.

Bayan wata biyu aka bugo waya. Hafiza ta haifi 'ya mace, jini ya ɓalle mata, babu nata ko ɗaya a kusa. Ba ta kwana ba.

Da aka yi arba'in, Bashar ya zo da jaririyar. Ya ƙi shiga gidan, ya tsaya a zaure.

"Da son raina ne, ko fuskarta ba za ki gani ba. Amma wasiyya ce. Ta ce a kawo miki, wai ba wanda zai riƙe ta kamar Yaya."

Ramatou ta karɓi jaririyar. Ta tambaye shi, "Ta ce ta yafe mini?"

"Ba ta ambaci maganar ba," in ji Bashar, ya sa takalmansa ya tafi.

Yau yarinyar tana tafiya, tana kiran Ramatou inna. Ramatou tana yi mata wanka tana kuka, don ta san wata rana sai yarinyar ta tambayi abin da ya kai uwarta Dirkou da tsohon ciki.

Jama'a, fim abin kallo ne, ba ma'aunin 'yan'uwa ba. Kada mu yanke wa kowa hukunci a kan zato, in kuma mun yi kuskure mu nemi gafara yau, don ba kullum ake samun wanda aka ɓata wa yana jira ba.