Rabin Ƙwaya

Gordana ta taso daga aikin safe a masana'antar wayoyin mota, ƙafafunta sun kumbura, ta tarar da 'yarta Nevena a ɗakin girki tana kuka a kan littafin lissafi. Gobe jarrabawa, yarinyar kuma ta ce ƙirjinta bugawa yake yi kamar zai tsage. Shekarunta goma sha biyar. Ubanta direban babbar mota ne a Jamus, sau ɗaya a wata ake ganinsa.

Gordana ba ta da sauran ƙarfin lallashi. Ta sauko da gwangwanin biskit daga saman firji, inda surukarta ke ajiye ƙwayoyin kwantar da hankali, ta raba ɗaya gida biyu.

"Haɗiye ki kwanta, 'yar nan. Kakarki ta yi shekara ashirin tana sha, ga ta nan ta fi ni lafiya."

A unguwarsu da ke garin Kruševac wannan ba abin magana ba ne. Mata na miƙa wa juna ƙwayar wajen shan kofi kamar yadda ake miƙa sukari. Nevena ta yi barci, ta ci jarrabawa, ta kuma gane inda gwangwanin yake.

Kafin shekara ta zagayo, rabi ya zama huɗu. Da ƙwayoyin kaka suka daina isarta, sai ta samo mai sayarwa a bayan makaranta. Ta daina zuwa wasan ƙwallo, ta rame, in an yi mata magana sai ta daɗe tana kallon mutum kafin ta amsa.

Malamar da ke ba ɗalibai shawara ta kira Gordana. Ta ce yarinyar na fama da ciwon fargaba, kuma tana zargin akwai abin da take sha. Ta ba ta takarda mai sunan likitan matasa, ta ƙara da cewa duk Laraba iyaye irinta na taruwa a cibiyar lafiya suna taimakon juna.

Gordana ta san cibiyar. Ƙofarta na kallon rumfar da maƙwabciyarta Ljubinka ke sayar da cuku, ita kuwa Ljubinka abin da ta gani da safe, kafin azahar ya gama gari.

"Malama, 'yata ba mahaukaciya ba ce," in ji Gordana. "Lalaci ne da danne-dannen waya."

Ta ninke takardar ta jefa a jaka, can ta ƙare.

Lokacin gasa jan tattasai don ajiyar hunturu ya zo. Gordana na neman kwalaben da ta zuba tattasai a ciki bara a ƙarƙashin gadon Nevena, sai ta ci karo da takalmin sanyi cike da fankon katin ƙwaya. Ta zauna a bakin gado. Da yarinyar ta dawo ba ta yi musu ba.

"Mama, na gwada bari sau uku, ba na iyawa. Don Allah ki kai ni asibiti."

"Asibitin me? Don gari ya ɗauka? A gidan nan kika fara, a gidan nan za ki bari."

Ta zuba duk ƙwayoyin da suka rage a masai, ta karɓe waya, ta aika wa makaranta cewa mura ce. Mijinta ya kira, ta ce kowa lafiya. A ganinta rufin asiri take yi, kuma son 'yar ne ya sa ta.

Kwana biyu Nevena na rawar jiki, gumi na jiƙa mata riga, ko ruwa ta sha sai ya dawo. Kaka ta dafa shayin ganye ta tofa addu'a. Gordana ta ce dafin ne ke fita, a yi haƙuri.

Rana ta uku Asabar ce. An hura murhu a tsakar gida, Gordana ta ƙwala wa Nevena kira ta sauko ta sha iska, ta taya su ɓare tattasai. Yarinyar ta fito tana dafa bango. A mataki na biyu jikinta ya sandare, idanunta suka juye, ta gangaro daga saman matakalar siminti har ƙasa.

Motar asibiti ta zo da jiniya, layin gaba ɗaya ya fito. Ljubinka ce ta riƙe kan yarinyar, ta cire ɗankwalinta ta danne jinin, ba ta tambayi komai ba.

Likitan ya ji bayanin Gordana har ƙarshe, ya cire tabarau ya murza ido.

"Uwa, wannan magani ba a yanke shi rana ɗaya. A hankali ake janye shi, a gaban likita. Da kin kawo ta, da ƙafarta za ta koma gida."

Nevena ta rayu, amma ƙashin bayanta ya taɓu. Wata bakwai ke nan tana kan keken marasa lafiya, likitoci sun ce tafiya wataƙila ta dawo, wataƙila a'a. Ana yi mata maganin fargabar yanzu. Gordana ma ta shiga taron iyaye, ta tarar da direban bas ɗin unguwarsu da matar mai gidan burodi, duk mutanen da take gaisawa da su kullum.

Kowace safiya kafin ta tafi aiki, ita ke ɗaga Nevena daga gado ta kai ta wanka. Ranar nan tana cicciɓarta sai ta yi nishi, yarinyar ta ce a hankali, "Mama, bayanki. Ajiye ni ki huta."

Gordana ta ce bayanta lafiya lau. Ta zaunar da ita, ta buɗe famfo sosai don kada a ji kukanta.

Iyaye, damuwar yaro ciwo ce, shaye-shaye ma ciwo ne, kuma ba a jinyarsu a ɓoye. Kada ku ba yaro maganin da ba likita ya rubuta masa ba, kada kuma ku yanke masa shi da kanku. In ya ce ku kai shi asibiti, ku kai shi a ranar.