Kurkum a Fuskar Inna

Ina 'yar shekara tara, wata la'asar a gidanmu na unguwar Mardjandafak, Inna ta kwaɓa kurkum da nono ta shafe fuskarta. Sati uku ke nan da Baba ya haye gadar Ngueli ta kan iyaka da kayan sayarwa, shiru ba labari. Na kasa zama, in leƙa ƙofa in dawo.

"Inna, yaushe Baba zai dawo?"

Ta nuna fuskarta, ta ce a hankali, "In na yi magana zai tsattsage. Bari ya bushe tukuna."

Na ɗauko mafici ina ta yi mata fifita. Ko'ina ya bushe, ban da ƙarƙashin idanunta.

Har yau in na ji ƙamshin kurkum, sai in tsinci kaina ina kallon ƙofa.