Turken Tsakar Ɗaki

Da ƙafa ya banke ƙofar asibitin. Tun daga Ruwan Bago yake tafe da maganar mutane a kunnensa. Wai malamar nan da ta mayar da tsohon siton gyaɗa wurin kula da yara masu lalurar ƙwaƙwalwa, ɗaure su take yi da zarar iyaye sun juya baya. In ba haka ba, me ya sa take rufe ƙofa?

Ga shi kuwa ya gani da idonsa: turke a tsakar ɗaki, da igiya a jikinsa, 'yarsa kuma tana zaune a gindinsa.

"Malama, akuya na kawo miki?"

"Sannu da zuwa, Baba. Tsaya ka gani."

Wani magidanci mai nauyin baki ya miƙa wa yarinyar bakin igiyar. Ta damƙa, ta ja, ta miƙe tsaye, ƙafafunta na rawa. Tun da aka haife ta uban bai taɓa ganin ta a tsaye ba.

"Yayana ne," in ji malamar. "A turken nan ya girma, a bayan gidanmu. Ranar da na kwance shi na tumɓuke turken, da shi muka buɗe wurin nan. Ƙofa kuwa, ƙarar babur ce ke firgita su."

Ta durƙusa ta shafa idon sawun yarinyar, inda wani baƙin tabo ya zagaye.

"Wannan fa, Baba?"

Ya san igiyar da ta yi tabon. Shi yake ɗaura mata ita kowace safiya, kafin su tafi gona.