Kaskon da Aka Kai wa Mota

Duk masanin da zai rubuta tarihin ƙauna a gidanmu, wajibi ne ya fara da kaskon wuta, domin guda ɗaya gare mu, kuma wanda aka kai wa shi ne ɗan gata.

A kakar da Inna ta rasu, sanyi ya sauko da wuri. Tsohuwar a-kori-kurar Baba, wadda yake kai dawa kasuwar Tsanyawa da ita, ta ƙi tashi. Ya ce sanyi ne ya kama ta. Bayan la'asar ya ɗauke kaskon daga ɗakina, ya tura shi ƙarƙashin injin, ya lulluɓa mata bargo. Ina bakin zaure ina jin yana lallashinta: "Haba Hajiya, yi haƙuri mana." Ni kuwa tun sadakar bakwai maganarmu ba ta wuce "kin ci abinci?" ba.

Can ya ɗago ya gan ni. "Uwata, zo ki zauna nan kusa da ni."

Na zauna, kafaɗata tana taɓa gwiwarsa. Warin baƙin mai ya gauraya da hayaƙin karan dawa. Ko tari ban yi ba, don kada ya sake shawara. Yau ina da ɗaki mai ɗumi a birni, amma ban ƙara samun zama irin wannan ba.

Da na ɗan ƙara matsawa jikinsa, sai ya ce, "A'a, koma inda kike. Ta nan iska take shigowa, tare ta kada ta kashe wa Hajiya wuta."