Ladanin da Aka Raba da Hantsi

Tunda kin ce za ki gyara wa mahaifinki ɗaki a can ƙuryar gida domin ya huta, zauna ki saurara. Niyyarki mai kyau ce, amma kyan niyya ba ya hana ɓarna. Ga misali.

A wani gari na bakin kogi an yi wani ladani da ya shekara arba'in da ɗaya yana kiran sallar asuba. Ba a taɓa tashinsa ba, bai kuma taɓa ɗaura agogo ba. Ko bayan da yanar ido ta rufe masa gani, har ba ya bambance komai sai haske da duhu, kiransa bai goce ba. Masu agogo ma da muryarsa suke gyara nasu. Al'adarsa guda ce: idan an idar da salla ya gama lazimi, sai ya zauna a dakalin ƙofar gidansa, fuskarsa na duban gabas, ya sha hantsi har ya ji zafi a goshi, sannan ya shiga ya karya kumallo.

'Ya'yansa biyu, da suka sami abin hannu a birni, suka ga zaman nan a bakin hanya abin kunya ne a gare su. Suka gina masa ɗakin siminti a tsakiyar gida, da labule mai kauri, da fanka, da ƙwan fitila na sola wanda suka ce kada a kashe shi dare da rana, don kada tsoho ya yi tuntuɓe. Suka hana shi dakali. Abin da ba su sani ba shi ne, can cikin ƙwaƙwalwa, daidai inda jijiyoyin idanu biyu suke gittawa, Allah Ya ajiye wani ɗan gungun ƙwayoyin jijiya da bai fi ƙwayar shinkafa ba. Da rana ƙwayoyin nan suna ta aika wa juna saƙo ba ƙaƙƙautawa, da dare su lafa, kuma da haka ne jiki yake sanin lokacin barci da na tashi. Sai dai agogon nan yakan ɗan zame kullum, hasken safiya da duhun dare ne suke mayar da shi kan daidai. Tsoho kuwa an saka shi inda safiya da dare duk kamarsu ɗaya.

Ba a yi wata biyu ba kira ya rikice. Wata rana ya tayar da gari tun dare bai raba ba, har mata suka hura wuta. Wata rana kuma sai da kaji suka sauko yana nan yana barci. Aka fara cewa gigin tsufa ne. A tsakiyar Sha'aban dattawa suka taru a zauren liman, suka yanke cewa da an ga watan azumi wani zai karɓi kira, domin ba a rataya sahur ɗin gari guda a wuyan wanda bai san dare da rana ba. Labari ya iske ladani. Ya juya fuska ga bango, tuwo ya kwana a akushi.

Matarsa, tsohuwa mai tsauri wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta yafa mayafi ta tafi ta durƙusa a bakin zauren. Ta ce, "Allah gafarta malam, ba tsufa ne ya kama shi ba, gata ne. An ɗauki mutum an adana shi kamar albasa a rumbu. A ba ni kwanakin da suka rage." Aka ba ta, bisa sharaɗin cewa za a gwada shi a asubar farko ta azumi, kuma ba wanda zai tashe shi. Tana komawa gida ta kwance ƙwan fitilar ta naɗe a tsumma, ta yaye labule. Kowace safiya ta riƙo hannunsa zuwa dakali, ta juya shi gabas. Idan ya fara gyangyaɗi kafin azahar, sai ta zube masa gyaɗa a cinya ta ce ya ɓare. Babban ɗan ya bugo waya yana cewa, "Inna, mutane za su ce mun yar da Baba a titi." Ta ce, "Su faɗa. A bakin titin nan ya rene ku."

Asubar farko ta azumi dattawa suka hallara a farfajiyar masallaci. Ɗaya na riƙe da agogo, ɗaya ya ƙura ido gabas, sabon ladanin yana tsaye yana gyaran murya. Matar kuwa ta cika alkawari, tana zaune a madafa, ko tari ba ta yi ba. Mai duban gabas bai gama ɗaga hannu ya nuna farin alfijir ba sai muryar tsohon ta tashi daga gefen masallaci, cikakkiya, ba rawa ba shaƙewa, ta ƙetare kogi har masunta suka ajiye kofunansu. Sabon ladanin ya koma cikin sahu. Liman ya dubi mai agogo ya ce, "Mayar da shi aljihu." Tsohon nan ya ƙara shekara tara yana kira, har ranar da aka yi masa tasa sallar.

Shi ya sa Hausawa suke cewa, zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.