Ruwan Sama Mai Alli

"Ƙarya kike yi!" Malamin labarin ƙasa ya maka littafin Monita a kan tebur. "Sati biyu ko ɗigo bai sauka a garin nan ba, amma kin rubuta wai kullum ana ruwa. A mafarkinki?"

Monita ta miƙe, idonta ya ciko. "Wallahi Malam, abin da na gani a ma'aunin ruwan sama na rubuta."

"Rufe min baki! Wata guda ina fasa maƙogwaro a kan gajimare da iska, ashe ta bayan kunnenku yake bi. Na cire ki daga gasar makarantu, kuma yau sai Hedimasta ya ji."

Ya tasa 'yan ajin a gaba yana huci, har bayan ginin, inda shi da kansa ya kafa ma'aunin ruwan sama, wata kwalba da mazurari a bakinta. Rana ta take, sama fes. Ya fizgo kwalbar don ya nuna musu a bushe take.

Ruwa ya kai rabi, fari-fari kamar an dama alli.

"Wane mara mutuncin ne yake zuba wannan? Ko ɗan waye, yau sai ya bar makarantar nan!"

Monita ta share hawaye, ta nuna sama da yatsa. Tagar ofishinsa ce a bene, daidai saitin mazurarin, ga butar da yake wanke allin hannunsa da ita bayan darasi a ajiye.

"Malam, kullum ƙarfe biyu yake sauka."